Kafin ka aika kuɗin taki, tambayi lafiyar gawo

A watan Mayun 2022 Abijan ta karɓi baƙuncin taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada. An sha jawabai a unguwar Cocody, Shugaban Kodebuwa Alassane Ouattara kuma ya sanar da shirin dala biliyan 1.5 na farfaɗo da gonaki da dazuzzuka. Madalla. Amma a ganina, waɗanda suka fi sanin maganin ciwon, wato 'yan ci-ranin Nijar, suna unguwar Adjamé a lokacin suna sauke buhunan albasar Galmi, wasu kuma suna Treichville suna soya kifin garba.

Iyayensu ne suka yi aikin. A 1983 wani Bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura a Maraɗi cewa 'yan tsiron da ake sarewa lokacin sharar gona toho ne daga kututturan da saiwarsu ke raye. Manoma suka fara barin toho biyu ko uku masu ƙarfi, su datse sauran. Sassaben zamani ke nan: ba dashe, ba ban-ruwa, wuƙa da haƙuri kawai. Yau ana ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram.

Gawo ne jigon lamarin. Da damina yake kaɗe ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi. Kalgo da sabara kuwa su karya iskar da ke binne shuka da rairayi, abin da kan sa a yi shuka sau biyu ko uku.

To, 'yan'uwa 'yan ci-rani, ga inda muke sake. Damina na ƙaratowa sai waya ta yi ƙara: a aiko kuɗin taki. Mu aika, mu kashe waya. Alhali da bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ake sare gawo a sayar a sayi tiyar hatsi. Takin buhu shekara ɗaya yake yi. Itacen da ya faɗi sai an jira shekaru. Kodebuwa da muke zaune shaida ce: dajinta ya sauko daga kimanin hekta miliyan 16 zuwa ƙasa da miliyan 3.

Bana a raba kuɗin gida biyu, a tura kason farko tun bazara, a kuma ce wa ƙane kada gatari ya taɓa gawon gonar Baba.