Kamiyo mai hawa da wayar kuran: ribar tana ga mai wuta

A mahaƙar tagulla ta Kansanshi, a ƙasar Zambiya, manyan kamiyoyi na maƙala ƙarfen da ke bisa kansu ga wayoyin kuran idan za su fito daga rami da kaya. Hawan ya fi sauri, shan gazuwal ya ragu ƙwarai. Mahaƙar uraniyum ta Rössing a Namibiya ta daɗe da wannan dabara.

Sai dai komai ya rataya ga inda wutar ke fitowa. Da fari ya janye ruwan madatsar Kariba a 2024, kamfanin First Quantum mai Kansanshi sai da ya sayi kuran daga waje.

A Arlit kuwa, wutar SOMAÏR daga gawayin SONICHAR take zuwa. Ko an shimfiɗa wayoyin a can, gawayi ne zai maye gurbin gazuwal.