Jan Layin Kwamfuta da Ƙa'idojin Rubutun Hausa

Duk ɗalibin Hausa da ya taɓa buɗe kwamfutar tafi-da-gidanka domin buga aikin jinga ya san ɗan jan layin nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da yake fitowa a ƙarƙashin kalmomi. Kafin ka kai ƙarshen shafi, sai ka ga takardar ta yi jawur kamar an yanka kaza a kanta. 'Yan kalmomin da kan tsira su ne irin su sun, dare, take, mace da wake, su ma ba don na'urar ta san su ba, sai don Turanci ma yana da kalmomi masu wannan jerin haruffa.

A kan wannan al'amari 'yan'uwana ɗalibai sun kasu kashi biyu. Wasu sukan kashe mai duba rubutun gaba ɗaya su huta, wasu kuwa sukan bi duk shawarar da ya ba su. A bara na kai wata jinga shagon buga takardu, yaron shagon ya ga ja ya yi yawa, sai ya taimake ni da gyara. Da na karɓo, na tarar kusan duk inda na rubuta "kuma" ya koma "puma". Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma ni na biya kuɗinsa. A ganina dai kashi biyun nan duk sun kauce hanya, domin ba su tsaya sun fahimci aikin abin ba.

Mai duba rubutu ba nahawu ya karanta ba. Jerin kalmomi kawai aka ɗura masa, duk kalmar da ka buga sai ya neme ta a ciki, in bai same ta ba ya ja mata layi. Saboda haka abu na farko shi ne a gaya masa harshen da ake rubutu da shi. A manhajar Word, ana kunna shi ne ta File, sannan Options, sannan Proofing, a sa maki a ɗan akwatin da yake ba da umarnin a riƙa dubawa yayin da ake bugawa. Bayan haka a haskaka rubutun duka da Ctrl da A, a shiga Review, a shiga Language, a zaɓi Hausa. A nan akwai wani ɗan akwati da yake hana dubawa baki ɗaya. In an tarar da maki a cikinsa a cire, domin sau da yawa shi ne dalilin da kan sa mai dubawar ya yi shiru, musamman a rubutun da aka kwafo daga wani wuri. Maɓallin F7 kuma yakan sa a bi takardar daga farko zuwa ƙarshe.

To, amma akwai tarko. Zaɓen Hausa a cikin jerin harsuna daban, samuwar ƙamusunta a cikin kwamfutar daban, don shi sai an sauko da shi ta intanet. Idan babu shi, jan layi zai ɓace sarai, ɗalibi ya ɗauka aikinsa ya yi tsaf, alhali ba a duba ko kalma ɗaya ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: buga wata shirmen kalma da gangan, ka ga ko za a ja mata layi.

Haka kuma ya kamata a girka madannan Hausa na Windows domin samun ɓ da ɗ da ƙ na gaskiya, a kuma leƙa sashen gyara da kai, watau AutoCorrect. In an bar shi a kan Turanci yakan mai da "i" ta amsawa babban wasali, yakan kuma juya alhamzar da ke farkon 'yan da 'ya'ya ta koma alamar buɗe zance.

Yanzu sai mu zo ga inda gizo yake saƙa. Mu ɗauka an yi duk wannan, ƙamusun Hausa ya zauna daram. Shin kurakuran da malamanmu suke zagaye mana da jan biro za su ƙare? Ko alama. Wanda ya rubuta baki yana nufin baƙi, ko kasa a maimakon ƙasa, ko bata a maimakon ɓata, na'ura ba za ta ce masa uffan ba, domin kowacce kalma ce mai zaman kanta. Balle kuma babbar cutarmu, watau haɗa kalmomi da raba su. "Na ba shi" da "na bashi" ba abu ɗaya ba ne, na biyun ma maganar rance ya kawo. "Ga shi" in an haɗe ya koma na kai ko na nama. Wanda ya raba yana ya rubuta "ya na" ya karya ƙa'ida, amma ya da na duk suna cikin jerin, don haka zai wuce salin-alin. Tun da yake rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ma'ana ce take raba gardama, ita kuwa a kan marubuci take.

Waɗannan ƙa'idoji mutane ne suka zauna suka tsara su, tun daga Hans Vischer a 1912, da Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, zuwa na Yamai a 1980. Abin da yake damuna shi ne, a yau kowane ɗalibi yana iya zama hukumar kansa. Da ya danna umarnin ƙara kalma a ƙamus, shi ke nan, ko "zasu" ce ko "shine", kwamfutarsa ta karɓe ta a matsayin daidai har ranar da zai buga kundin digirinsa.

Shawarata ga Sashe ita ce ya karɓi wannan aiki a hannunsa. Manhajar tana yarda a shigar mata da jerin kalmomi na musamman, fayil ne kawai mai kalma ɗaya a kowane layi. Ana iya dogara da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 wajen tantance su, ko da yake aikin ya wuce kwafe kawunan kalmomi, domin inda ƙamus ya kawo gida, na'ura tana bukatar gidan, gidansa, gidajen, gidajensu da sauran danginsu kowanne a layinsa. Idan aka raba wa 'yan ajin ƙarshe harafi ɗai-ɗai a matsayin wani ɓangare na kundinsu, malaman nahawu suka tace, sai a riƙa ɗura wa sababbin ɗalibai fayil ɗin a makon da za su fara darasin ƙa'idojin rubutu.