Miliyan uku a kan katako da fenti? Iyaye, ku dakata tukuna

Makon jiya wani maƙwabcina tela ya tsare ni a ƙofar gida bayan Isha. Ya ce: "Mushe, don Allah duba mini wannan, yaron nan ya hana ni barci." Ɗansa tsohon ɗalibina ne, yanzu yana lise, kuma yana kaɗa gita mai aiki da kuran tare da abokansa a wuraren biki. Yaron ya ce gitarsa ta jika sittin ba ta da murya saboda katakonta na banza ne, sai an sayo masa kwancen wata daga Faransa a jika ɗari takwas. Uban har ya fara lissafin sayar da keken ɗinki ɗaya da tumaki biyu.

Ba na cikin masu cewa kiɗa lalacewa ce. Marigayi Malam Maman Barka ya riƙe alli kamar mu kafin gurminsa ya zaga da shi duniya. Faɗana da ƴan talla ne, masu cusa wa yaranmu ta salula cewa murya a jikin icce take, kuma icce mai tsada.

Ga karatun da suke biya wa yara. Stratocaster ta kamfanin Fender, wadda ta fito a 1954, wai muryarta garau take saboda iccen ash da alda. Les Paul ta Gibson, ta 1952, wai muryarta kauri gare ta saboda mahogani da aka lulluɓe da mapul. Sai fenti: wai na da, naitro, yana barin icce ya yi numfashi, na yanzu mai kama da roba yana shaƙe shi. Katakon da aka sare, aka busar, aka shafe shekara talatin da suka wuce, wane numfashi ya rage masa?

A gurmi ko garaya, zancen gaskiya ne. Tsirkiya na girgiza fata, fata na girgiza iskar cikin ƙwarya, abin da kunne ke ji ke nan. Canza ƙwaryar, murya ta canza. Gita mai kuran daban take. Ƙarƙashin wayoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririn zaren jan ƙarfe sau dubbai. Wayar ƙarfe ta motsa a gabansa, ɗan kuran ya taso a cikin naɗin, ampili ya ƙarfafa shi, lasifika ta fitar. Darasin nan yana cikin littafin fizik, mu muke rubuta shi a allo. Maganaɗisu ƙarfe yake ji, bai san icce ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaron ya ci jarrabawa a kan wannan, amma da ɗan talla ya buɗe baki sai ya manta. Mun koya masa haddar darasi, ba mu koya masa ya auna maganar kasuwa da shi ba. Wannan laifinmu ne, malamai.

Kuma masu sana'ar sun riga sun gwada. Les Paul kansa, wajen 1940, a kan wani guntun gungume ya ɗaura wayoyi ya kaɗa. Kamfanin Danelectro ya yi gitoci masu araha da allon garin katako da aka matse, Jimmy Page ya hau manyan dandamali da ɗaya. A 2022 wani makaɗi a Amurka, Jim Lill, ya ɗaure wayoyi tsakanin bencin aiki da wani abu mai nauyi, babu gangar jikin gita sam, ya sa maganaɗisu a daidai tsayinsa, sautin ya fito kusan ba a bambanta shi da na gita mai tsada.

Ban ce icce ba shi da amfani ba. Shi ke sa gita ta yi nauyi ko sauƙi a kafaɗa, yana ɗan taɓa daɗewar amon waya, kuma wuyan da bai bushe da kyau ba zai kanɗare a hunturunmu. Aikin hannu mai kyau ma yana da kuɗinsa. Amma wannan bai kai miliyan uku da ake zubawa a kan manyan gitocin Gibson da Fender ba. Fentin naitro ɗin da ake yabo ma tsagewa yake idan zafi da sanyi suka yi ta musanya a kansa, ka ga bai dace da ɗakin kwano a watan Afrilu ba. Abin dariya, tun 1995 Fender ke sayar da sabbin gitoci da aka kankare wa fenti da gangan don su yi kama da tsofaffi, kuma kankarar sai ka biya ta daban. Shi mahoganin Afirka da ake kurantawa kuwa ɗan'uwan maɗaci ne, wanda muke shan inuwarsa a bakin titi.

Na ce wa telan ya tambayi ɗansa da me Mdou Moctar ya fara. Ɗan jihar Tahoua ne, da katako da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta fari. Fender ta zo hannunsa bayan yatsun sun riga sun iya.

Washegari na sa yaron ya kawo gitar lakwal bayan an tashi. Wayoyin sun yi tsatsa, shekara biyu ba a canza su ba, maganaɗisu ɗaya ya nutse ƙasa, ampilin kuma lasifikarsa ta yage. Muka ɗaga maganaɗisun da turnabis, uban ya ba da jika goma sha biyar na wayoyi da gyaran lasifika. Yaron ya kaɗa, ya yi shiru, sannan ya ce ai duk da haka waccan ta fi kyau a hoto. Na ce masa ya tara kuɗin bikinsa ya saya da kansa, keken babansa dai yana nan inda yake.