Girafen mai azot: Dakoro ta fi buƙatar ma'aunin ruwa a kan batirin haidurojin

Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, duk labarin da ya shafi sabuwar hanyar samun lantarki yakan ja kunnen mutanen jihar Maraɗi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan labarai shi ne na wani sinadari da ake kira girafen, wanda wasu ke yi wa kirari kamar shi ne zai raba talaka da duhu. Akwai gaskiya a maganar, amma ba a inda aka fi zuzutawa take ba.

Girafen ɗan'uwan gawayi ne da bakin fensir, duk asalinsu karbon. Bambancinsa shi ne sirantaka: shimfiɗa ce mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, kuma lantarki na gudu a cikinta da sauri. A 2004 ne Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare shi daga irin baƙin da ke cikin fensir a jami'ar Manchester ta Ingila, da tef mai manne na ofis, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2010. Daga baya masana suka ga cewa idan aka cire wasu ƙwayoyin karbon aka sa azot a gurbinsu, shimfiɗar takan samu wuraren da wasu sinadarai ke maƙalewa. Azot ba baƙo ba ne ga manomi, shi ne kashi 46 cikin 100 na takin yuriya, kuma da yuriyar ma ake wannan aiki a ɗakunan gwaji da dama, ta hanyar gasa su tare a wuta mai zafin ɗaruruwan digiri.

Amfani na farko da ake hange shi ne a batirin da ke haɗa haidurojin da iskar shaƙa ya ba da lantarki, sharar da yake fitarwa ruwa ne kawai. Irin wannan batir yana buƙatar filatin, ƙarfe mai tsada wanda mafi yawansa daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Bincike a Amurka a 2009 da 2010 ya nuna karbon mai azot na iya yin wani ɓangare na aikin filatin. Sai dai har yau motocin haidurojin da ke kasuwa da filatin suke aiki. Kuma ko batirin ya yi arha gobe, a ina mutumin Dakoro zai sayi haidurojin? Ƙauyen Bourakébougou na Mali ya yi sa'a, masu haƙar rijiya suka ci karo da shi a ƙarƙashin ƙasa a 1987, amma ba a tsara makomar gari a kan sa'a. Faranti mai ɗaukar hasken rana da batirin ajiya sun fi kusa da hannu.

Amfani na biyu ba ya samun tallar da ta kamace shi. Saboda girafen mai azot yana sauya yadda yake ɗaukar lantarki da zarar wani abu ya maƙale masa, ana gwada shi a ƴan ƙananan ma'aunai masu gano dalma ko nitirit a ruwa, da sukari a jini. Burin shi ne ɗan tsinke mai arha da ƙaramar na'ura, a ɗiga ruwa a bakin rijiya a ga sakamako, ba sai an kai kwalba Maraɗi, tafiyar kusan kilomita 120, ko Yamai ba. A yankin da mutum da dabba ke dogaro da rijiyoyi masu zurfi da fanfunan burtsatse, daga kwarin Tarka zuwa Gadabeji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Jihar nan ta san kuɗin rashin awo. A Tibiri, daga tsakiyar shekarun 1980, yara sun yi shekaru suna shan ruwan fanfo mai fuluwor fiye da kima, haƙora suka rine, ƙafafun ɗaruruwa suka lanƙwashe. Ruwan garau yake a ido, babu wari. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita, kuma na'urar auna fuluwor tana nan tun kafin a san girafen. A Zamfara, ƙetaren iyaka, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Ke nan sabon ma'auni zai rage tsada da nisa, amma ba zai tilasta wa kowa ya auna ba. Yawancin waɗannan ma'aunai ma ba su bar ɗakin gwaji ba tukuna, kuma abin da ya yi aiki a ɗaki mai sanyi sai an ga yadda zai yi da zafin Afrilu da ƙurar hunturu.

A nan ne jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, mai tsangayar kimiyya da fasaha, take da abin yi. Ba sai ta yi gasa da Manchester ba. A ƙasashe da dama ana samun karbon mai azot daga ɓawon gyaɗa da sauran tarkacen gona, kuma gwada ma'auni da ruwan rijiyoyin Dakoro aiki ne da babu wanda zai zo daga waje ya yi. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, ya yi irin wannan da hasken rana tun shekarun 1960, lokacin da kaɗan ne suka ɗauki abin da muhimmanci. Kafin a kai can, hukumomin garin Dakoro na iya neman a auna kowane fanfo da na'urorin da ake da su yanzu, a liƙa sakamakon da ranar awon a jikin tankin, da Hausa da Faransanci.