Waƙar Rabuwar Da Ta Gagari Gidajen Rediyon Amurka

Mu da muka tashi muna jin muryar Don Williams da Dolly Parton a rediyo, mun ɗauka cewa kiɗan kantiri, wato waƙoƙin mutanen karkarar Amurka, ba shi da wani aiki sai rarrashin wanda soyayya ta juya wa baya. Abin da ya faru a shekarar 2023 ya nuna cewa lamarin ya wuce nan.

A shekarar ce waƙar "Last Night" ta Morgan Wallen ta yi makonni 16 a saman jadawalin Hot 100 na mujallar Billboard. Jigonta ba sabo ba ne: masoya sun sha barasa, sun yi cacar baki, budurwa ta tattara kayanta ta fice, shi kuwa gogan naka yana ta rantsuwa cewa zance bai ƙare ba. Rabon da wani namiji mawaƙin kantiri ya hau wannan matsayi shi kaɗai tun 1981.

To, wa ya ɗaga shi? A watan Fabrairun 2021 an ga Wallen a wani bidiyo yana furta kalmar nan ta wulaƙanci da ake jifan baƙar fata da ita. Nan da nan gidajen rediyo suka daina sa waƙoƙinsa, kamfaninsa ya dakatar da shi. Sai ga shi an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin kundinsa mai suna "Dangerous" sai da ya cika makonni 10 a matsayi na ɗaya. Dalili kuwa shi ne, Billboard tana ƙirga saye da saurare ta intanet, ba abin da ma'aikacin rediyo ya zaɓa kawai ba. A ganina, wasu sun saurare shi ne don daɗin waƙa, wasu kuwa don su nuna wa 'yan bokon birane cewa ba su isa su yanke musu hukunci ba.

Sai dai kada mu yi saurin yi wa masu sauraron kuɗin goro. A watan Agustan 2023, lokacin da waƙoƙin kantiri suka mamaye matsayi uku na farko, ta ukun ita ce "Fast Car" da Luke Combs ya sake rerawa. Wadda ta rubuta ta, ta kuma fitar da ita tun 1988, Tracy Chapman, baƙar fata ce, kuma a watan Nuwamba ƙungiyar mawaƙan kantiri ta ba ta kambun waƙar shekara.