Ba kowane wabi ne aikin iska ba

A unguwanninmu, idan mace ta binne jarirai biyu ko uku kafin su shekara, sai a ce mai wabi ce, ko a ɗora wa kishiya ko maita. To amma wasu daga cikin yaran nan cutar gado ce ke kashe su, kuma tana da magani.

Likitoci na kiranta SCID. Ana haihuwar yaro babu garkuwar jiki, sai gudawa da ciwon huhu da farin baki su yi ta dawo masa duk da magani. Idan ba a ɗauki mataki ba, da wuya ya kai shekara 2. Wani nau'inta maza kaɗai yake kamawa. Wani kuma sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaron ya zo da cutar. Auren zumunci, wanda muke yi sosai, yana ƙara wannan haɗarin.

Maganin shi ne dashen ɓargo. Ana ɗibar ƙwayoyin da ke haifar da jini daga ɓargon mai lafiya, a sa wa yaron ta jijiya kamar ƙarin jini, su gina masa sabuwar garkuwa. Tun 1968 Dakta Robert Good ya yi nasarar hakan a Minesota ta Amurka, da ɓargon 'yar'uwar jaririn. Idan aka yi dashen kafin wata 3 da rabi, fiye da 9 cikin 10 na rayuwa. Da an makara, ƙwayoyin cuta sun riga sun yi ɓarna.

Gaskiya aikin na da tsada, asibitocin da ke yinsa a yankinmu kuma 'yan kaɗan ne. Sai dai matakin farko ba ya cin kuɗi. A daina ɓoye wa likita tarihin gida. Tun a awon ciki uwa ta faɗa cewa ta rasa jarirai, don a gwada jinin na gaba da wuri, kuma likita ya duba shi kafin allurar BCG, wadda ke kare sauran yara amma take iya cutar da mai SCID.

'Yan'uwa kuma kada su ji tsoron gwaji. Wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da yaron ne ya fi dacewa, kuma ɓargon da ya bayar yana komawa cikin 'yan makonni. Malamai da sarakunan zango, ku taya mu faɗa wa jama'a, a daina zargin uwa, a kai jariri asibiti.