Kafin ka girka manhajar hoto, duba zanen yatsanta

Duk mai ɗaukar hoto ya san wahalar taga da rana tsaka: in ya kama hasken waje, ɗaki ya yi duhu, in ya kama ɗakin, waje ya yi fari fat. Manhajoji irin su Enfuse, wadda ke zuwa tare da manhajar Hugin, kan haɗa hotuna da dama masu bambancin haske su fitar da guda mai kyau, bisa dabarar da Mertens da Kautz da Van Reeth suka wallafa a 2007. Da yake Enfuse kyauta ce, tana yawo daga shafi zuwa shafi, daga filashi zuwa filashi, kuma a wannan yawon ne mugu ke cusa ƙwayar cuta. Ra'ayina shi ne kada a girka irin wannan fayil sai an duba zanen yatsansa.

Zanen yatsan fayil wani jerin lambobi da haruffa ne da kwamfuta ke lissafowa daga abin da ke cikinsa. Na tsarin lissafin SHA-256 guda 64 ne, kuma ko ɗigo aka taɓa a fayil ɗin, jerin zai canza gaba ɗaya. A Windows, umarnin certutil kan fitar da shi cikin daƙiƙoƙi, sai ka gwada da wanda masu manhajar suka wallafa. A watan Mayun 2017, da aka musanya fayil ɗin manhajar HandBrake na kwamfutocin Mac da gurɓatacce, da wannan lissafin mutane suka gane ko abin ya shafe su.

Wani zai ce a Fabrairun 2016 wanda ya kutsa shafin Linux Mint ya canza fayil har da lambar zanen yatsansa. Haka ne, kuma darasin a fili yake: ba a tambayar kura shaidar akuya. A nemi lambar daga wata kafa dabam, ko a duba sa hannun dijital na masu manhajar. Wani kuma zai ce an karya tsarin lissafin MD5 tun 2004, na SHA-1 kuma a 2017. Wannan hujja ce ta komawa SHA-256, wanda har yau ba a nuna an karya shi ba. Kwamfutar mai hoto ita ce shagonsa, cike da hotunan bikin mutane da aka ba shi amana, kuma minti ɗaya na dubawa bai kai asararsu tsada ba.